Gida Babu Mai Gida

Ranar Talata

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya gwiwar? Yaya babbanmu da matarsa, da jikan nan naki mai wawure mini sukari? Ki gaishe da maƙwabta gaba ɗaya, har da mai shagon da ya ce ba zan iya zaman mota ba. A faɗa masa na iso da ƙafafuna biyu.

Auta ce riƙe da biro, ni ke faɗa. Na gargaɗe ta kada ta rage ko kalma ɗaya, ko da ita nake kuka da ita. Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, ni kuma ban taɓa shiri da ita ba, takarda ce ta rage mana. Za ta ɗauki hotonta ta tura wa surukarki. Ki sa tabarau ki karanta da kanki, kada ki bari a karanta miki ana tsallake.

Kin san abin da ya taso ni. Cikin mu duka da muka yi aikin jirgin fito kafin a gina gada, ni da Mai Igiya kaɗai muka rage. Shi yana sama yana ɗaure jirgi, ni ina ƙasa wurin inji, haka muka ƙare ƙuruciyarmu. Yanzu 'yarsa ta ce ƙwaƙwalwarsa ta fara zuba kamar tulu mai tsagu, in zan zo in zo tun da sauran ruwa a ciki. Gidanta ƙarami ne, ga yara, ga miji mai aikin dare da ke barci da rana, shi ya sa ta ce za ta kawo shi inda muka sauka ranar Asabar, ranar da ba ta zuwa aiki. Lahadi kuma hutun Auta ya ƙare, dole mu juyo. Asabar ɗin nan kaɗai gare ni. In ban zauna da shi ran nan ba, ban san ko za a sake ba.

Kin ji rigimar da muka yi kafin mu taho. Auta ta ce otal, na ce a'a. Mutumin da ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da nake sabon zuwa bakin kogi, ya raba tabarmarsa biyu, ba zan karɓe shi a ɗakin da aka maƙala wa lamba kamar na asibiti ba. Baƙo a gida ake karɓarsa. Sai ta nuna mini hotuna a waya, wai akwai masu ba da gidajensu na 'yan kwanaki. Na ga falo, na ga kicin, na ce wannan shi ne. Har na sa kika ɗura mini zuma a kwalba saboda mai gidan, don ba a shiga gidan mutum hannu na dukan cinya.

To, uwar yara, mun iso. Na gyara hula, na riƙe kwalbar, na yi sallama a bakin bene har sau uku. Shiru. Auta ta ce, Baba, ba kowa, lamba ake dannawa. Ashe ƙofar wasu maɓallai gare ta kamar na waya, ka danna ta buɗe da kanta. Na ce to ina mai gidan? Ta ce yana cikin waya. Na ce a kira shi mu gaisa. Ta ce ba ya ɗauka, saƙo ake tura masa. Na zauna a falon mutumin da ban san fuskarsa ba, ina shan ruwa da kofinsa. Tun da nake ban taɓa jin kaina kamar ɓarawo ba sai yau.

Gidan ba laifi, sai dai wanda ya ɗauki hoton nan ya iya sana'arsa. Falon da na gani kamar filin ƙwallo, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa talabijin. Kuma abin da hoto bai nuna ba, muna can ƙololuwar bene. Akwai lif, akwatin nan mai ɗaga mutane sama, amma an manna masa takarda, Auta ta ce an rubuta ya lalace. Takardar har ta yi ja don daɗewa. Na hau da ƙafa, na huta a hanya ba don gajiya ba, don in ga irin ginin.

Auta tun ɗazu take tuna mini cewa Mai Igiya a keken marasa lafiya yake. Na ce mu da muka ɗora motar katako a kan jirgi da ƙarfin kafaɗa, tsoho ɗaya ne zai gagare mu? Za a nemo majiya ƙarfi biyu su ciccibo shi. Ta yi mini kallo irin naki. Wannan kallon a wurinki ta gado shi, ba a wurina ba.

Ki riƙa shafa maganin, kada ki ce sai na dawo. Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Tsohonki


Ranar Alhamis

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Da fatan kin tashi lafiya, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, Auta ta karanta mini, har wurin da kika ce in daina taurin kai in ji maganar yarinya. Ta karanta wurin sau biyu, wai ko ban ji ba. Na ji.

Bari in ba ki labari daga fari. Jiya da hantsi ina zaune da 'yar shara ina shan shayi, sai na ji ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Wani saurayi ya shigo kai tsaye kamar ɗakin uwarsa. Na yi zaton mai gidan ne, na miƙe zan ɗauko zuma. Ashe wai makon jiya shi ya sauka a nan, ya manta cajar wayarsa a bayan gado, ya ce bari ya gwada ko lambar tana nan. Tana nan kuwa. Yaron kirki ne, ya yi ta ba da haƙuri yana cewa, Baba, wallahi na ɗauka ba kowa. Amma da ya fita sai na zauna ina tunani. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan nan, na kirki da na banza, makullinmu yana cikin kansa. Ga 'yata tana kwana a ɗakin ciki. Tun daga lokacin kujera nake jinginawa a bayan ƙofa.

Auta ta tura wa mutumin waya saƙo. Ya amsa da hoton hannu mai ɗaga babban yatsa. Na ce me ke nan? Ta ce wai ya ji. Na ce to ya ji, sai me?

Sannan hancina bai mutu ba. Wanda ya yi rayuwarsa a ɗakin inji ya san warin abin da ke yoyo. Tukunyar gas ta kicin tana fitar da iska ta wuya. Na rufe ta, na buɗe tagogi, na ce ba mai kunna wuta a nan. Na leƙa ƙofar baya, wadda ake gudu ta nan in gobara ta tashi, na tarar an garƙame ta da kwaɗo, an jibga tsofaffin katifu a gabanta. Aka sake tura saƙo. Wannan karon ko yatsan ba mu samu ba.

Duk da haka na ce ba inda za ni. Na riga na zaɓi kujerar da Mai Igiya zai zauna, kusa da taga, inda in ka leƙa kana hango ruwa can nesa tsakanin gine-gine biyu.

Yau da safe aka ƙwanƙwasa. Na ce alhamdulillahi, ga mai ladabi. Na buɗe na ga wata dattijuwa, sa'arki ce ko ta ɗan girme ki, tana haki saboda bene, bayanta mai gyaran famfo da jakar kayan aiki. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, Malam, kai wane ne a gidana? Farin ciki ya kama ni. Na ce, Hajiya, ke ce mai gidan? Kwana biyu ina cigiyarki! Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi iyali, na ruga na ɗauko kwalbar na miƙa mata da hannu biyu. Baiwar Allah ta tsaya riƙe da zuma, ta rasa ta inda za ta fara.

Ashe gidan nata ne, mijinta ya bar mata. Ta ba wani haya ya zauna da iyalinsa, shi kuma ya kwashe ya koma wani wuri, ya sa gidan a waya yana saukar da baƙi ba da saninta ba. Maƙwabcin ƙasa ne ya kira ta, wai ruwa na ɗiga masa daga rufi har ya jiƙa masa gado. Ta zo a kashe ruwan gidan a fasa daɓen banɗaki, sai ta tarar da ni da kofi a hannu.

Ba ta yi mana rashin mutunci ba, in faɗi gaskiya. Da Auta ta nuna mata shaidar cewa mun biya, ta zauna ta dafe kai, ta ce ita kunya ma take ji. Ta ce don ta ita mu zauna, amma ba ruwa, ba banɗaki, ga ƙura, kuma aikin zai kai mako. Na ce zan iya da bokiti, mun yi zaman da ya fi wannan. Sai Auta ta ba ta labarin Mai Igiya. Dattijuwar ta juyo ta ce, yanzu kai mara lafiya za ka sa a ɗauko a kafaɗa a hawo da shi nan? In ya faɗo fa? In yana son kewayawa, bokitin za ka miƙa masa? Ta ce, kai baƙon kake so ka girmama, ko kanka?

Uwar yara, da ke kika faɗa da na samo amsa. Amma mace ce a cikin gidanta, riƙe da zumata. 

Ta kwatanta wa Auta wani ƙaramin otal a bayan layin, ta ce ƙanenta a nan yake sauka in ya zo. Muna haɗa kaya yanzu. Ba wai na yarda otal ya fi ba ne, kada ki je kina faɗa wa mutane. Ruwa ne babu.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Jibi ne Asabar, ni kuma ba ni da ƙofar da zan tsaya in ce masa sannu da zuwa. Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Tsohonki


Ranar Juma'a

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kwanan gida, yaya ƙafa? Wannan gajeriya ce, Auta ta ce hannunta ya gaji, wai ba a taɓa yin tsoho mai surutu irina ba.

Mun tare a otal. Ba wani babba ba ne, fentinsa ma ya koɗe, amma akwai mutum a bakin ƙofa. Wani dogon dattijo ne mai gashin baki, shi ke buɗewa yana rufewa. Na yi sallama ya amsa. Kin ji daɗin da na ji? Kwana biyu ina yi wa maɓallai sallama.

Matar da ke teburin karɓar baƙi ta ji bayanin Auta, ta ba mu ɗakuna a ƙasa, ba hawa ko ɗaya. Na zagaya da kaina don kada a sake yi mini wasan hoto. Ƙofar baya a buɗe take, ga jar tukunyar kashe wuta a rataye. Akwai gangare a gefen matakala inda keke zai bi. Famfon ɗakina yana ɗiga, na faɗa, kafin in gama shan shayi wani ya zo da sifana. Na tsaya a kansa ina nuna masa, ko da yake ya iya.

Kada ki ɗauka komai ya yi mini. Shayinsu kamar an wanke kofi, ba ka da kicin ɗin da za ka ce a dafa wa baƙonka abin da yake so, kuma kowa ka gamu da shi a hanya sai ya yi maka murmushin da aka koya masa. Auta ta ce kamfanin da muka kama wancan gidan ta hannunsu a waya sun ce za su duba maganarmu su maido abin da za su maido. Na ce su duba, ni ba shi ne a gabana ba.

Na faɗa wa mai ƙofa damuwata. Na ce gobe babban baƙo zan yi, kuma a duniya ban taɓa barin wani ya buɗe wa baƙona ƙofa ba. Ya shafa gashin baki, ya ce, to Baba, ai ƙofar ba ta san hannuna ba. In motar ta tsaya, ni zan matsa gefe, kai ka riƙe. Ya nuna mini yadda ake tokare ta da ƙafa don kada ta dawo ta buge mutum. Mun gwada har na iya. Matar tebur kuma ta ce akwai baranda a baya, ƙarƙashin bishiya, ba mai zama da rana, za ta sa a kai kujeru.

Na goge takalmi. Rabona da goge shi haka tun ranar da na fara zuwa gidanku. 'Yar Mai Igiya ta ce kada in sa rai da yawa, wani lokaci ita kanta sai ya tambaye ta 'yar wace ce. Na ce ni zai gane ni. Amma tsakanina da ke, ban sani ba.

Naki,
Tsohonki


Ranar Asabar da yamma

Zuwa ga uwar 'ya'yana, abokiyar zamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara da jikoki. Da fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki gyara zama.

Tun da sassafe na tsaya a bakin ƙofa kusa da mai gashin baki. Baƙi biyu har sun miƙo mini jakunkunansu, ɗaya ma ya tambaye ni inda ake karin kumallo, na nuna masa. Da motar ta tsaya, mutumin ya cika alkawari, ya matsa. Na buɗe, na tokare da ƙafa, na ce, Mai Igiya, sannu da zuwa, shigo.

Uwar yara, ya ƙanƙance. Mutumin da yake jan jirgi da hannu ɗaya, yanzu hannun kamar sillen kara a kan bargo. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, sannu Malam, na gode. Irin godiyar da ake yi wa mai buɗe ƙofa. Duk da haka na riƙe ƙofar har keken ya wuce.

Muka zauna a baranda. Aka kawo shayi da burodi, 'yarsa tana ba shi a baki. Na fara kira masa mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Na ce ka tuna Kyaftin mai usur, wanda ba ya tashin jirgi sai ya ƙirga awaki? Ka tuna Gajere mai karɓar tikiti, da Kurma, da matar nan mai sayar da gyaɗa da ke zagin kogi in ya cika? Yana ta gyaɗa kai cikin ladabi, yana cewa, Allah sarki, Allah ya jiƙansu. Ko da na ambaci waɗanda ban ce sun mutu ba, haka yake cewa. Idonsa yana kan bishiya. Auta ta taɓa ni ta ce, Baba, ka bar shi ya huta. Na ce ban gama ba.

Sai na ɗauko labarin saniyar nan da ta yi tsalle daga jirgi a tsakiyar kogi, shekarar babban ruwa. Na ce ta faɗa, mai ita yana ihu, mata suna salati, ni kuma na fito da gudu na wurga igiya ta zarge ƙahonta, muka jawo ta har gaɓa.

Ban rufe baki ba sai na ji an ce, ƙarya kake.

'Yarsa ta saki cokali. Ya juyo gaba ɗaya, ya nuna ni da yatsa, ya ce, ƙarya kake, Baƙin Mai! Kana ƙasa kana fama da injinka, ko wutsiyarta ba ka gani ba. Kai da ko a kwano ba ka iya iyo ba, yaushe ka taɓa wurga igiya ta faɗa inda ka nufa?

Baƙin Mai. Ba wanda ya kira ni haka tun ranar da aka ɗaure jirgin nan ɗaurin ƙarshe. Ke kanki kin daina.

Na ce ni na wurga. Ya ce shi ya wurga, kuma a wuya ya kama ta, ba a ƙaho ba, wa ke kama saniya a ƙaho cikin ruwa in ba jahili ba? Na ce baƙa ce. Ya ce ja ce mai farin goshi. Muka kaure. Auta tana ja mini riga tana cewa, Baba, don Allah mara lafiya ne, ka bar masa. Na ce in bar masa me? Shekara da shekaru ban bar masa ba, sai yau don yana kan keke? 'Yarsa kuwa tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce a ƙyale su, rabon da ta ji ya ɗaga murya haka tun bara. Har matar tebur ta leƙo ta ga ko lafiya, mai ƙofa ya ce mata ba komai, 'yan jirgi ne.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya tuna sunan kare na Kyaftin, wanda ni na manta. Ya tambaye ni, ina yarinyar nan mai tsiwa da ka aura, har yanzu tana juya ka? Na ce tana nan, kuma har yanzu. Ya ce madalla, dama kai sai da linzami.

Ba zan ɓoye miki ba, bai daɗe haka ba. Can da rana ta karkata ya gaji, idonsa ya koma kan bishiya, ya sake ce mini Malam. Amma da aka zo tafiya na riƙe ƙofa keken zai wuce, sai ya kama hannun rigata ya ce, in ka sake zuwa ka zo da shaidu.

Don haka ki fara lallashin gwiwar nan. Kina bakin gaɓa ran nan da tulunki, kin ga komai, ke ce shaidata. Auta ta ce za ta sake samun hutu bayan damina, matar tebur kuma ta ce ɗakin ƙasa yana nan, ba hawa, ta rubuta mu. Zan kawo ki ki faɗa masa a gaban 'yarsa cewa ni na wurga igiyar. In kuma kika bi bayansa, to ku biyu ne, ni ɗaya, ba yau aka fara ba.

Gobe da safe za mu kamo hanya in Allah ya yarda. A jiƙa mini shayi na gaske. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki mai ƙaunarki,
Baƙin Mai